Lamba Arba'in da Ɗaya

Daga Altamira aka turo ni
da babur, da igiyar awo, da littafi mai gida-gida,
in ƙirga bishiyoyin kastanya da doka ta hana sarewa.
Dokar tana nan, ba ƙarya ba ce.
Na haddace ta, na ci jarrabawa a kanta,
da ita nake sayen shinkafa da wake.

Kwana biyu ina fama da jar laka.
Inda taswira ta ce kurmi
sai na tarar da ciyawa da fararen shanu,
da waya mai ƙaya, da kututture baƙi ƙirin.
Can tsakiyar fili ga ta nan,
ita kaɗai tilo, kanta na shafar gajimare.
An share mata dangi kaf, an bar ta tsaye.
Mai gona ya cika umarni:
ko ƙwarzane babu a jikinta.

Na zagaye ta da igiya, na duba sama.
Na rubuta: lamba arba'in da ɗaya. Tana raye.

Ban lura da tsohuwar ba sai da ta yi tari.
Ermelinda, zaune kan kifaffen kwando,
adda a cinya, bakinta duk tsatsa.
Ta ce, yaro, me ka sa mata?
Na ce, na sa tana raye.
Ta yi dariya har da riƙe ciki.

Ta ce, damina tara ke nan ba ta jefo ƙwallo ko ɗaya ba.
Da can in lokacin zuba ya yi
ba mai gilmawa ta ƙarƙashinta sai mai neman ajalinsa.
Furenta murfi gare shi,
ba kowane ƙudan zuma ke iya ɗagawa ba,
sai wani ƙato mai ƙarfin wuya.
Shi kuwa a duhun kurmi yake kwana,
can yake da furanninsa na cin rani.
Kun sare inuwa, ya kwashe kayansa.

Ko da ta haihu, in ji ta, wa zai fasa?
Ƙwallon ya fi kan mai gardama tauri.
Kutiya ce kawai, 'yar dabbar nan mai kama da gafiya,
za ta gurgura, ta ci biyu, ta binne uku,
gobe ta rasa inda ta ajiye.
Mantuwar kutiya ce ta dasa dajin nan,
ba gwamna ba, ba kakana ba.

Na buɗe littafi ina neman gidan zuma.
Akwai gidan tsayi, akwai na kauri,
akwai na sa hannun mai gona.
Babu gidan zuma. Babu na kutiya.
Babu inda zan sa inuwa.

Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.
Ranar Litinin zan miƙa wa Deuzimar takarda,
ya buga hatimi, ya haɗa jimla,
a ce a yankinmu ba a taɓa ko ɗaya ba.
Kuma gaskiya ne. Abin da ke hana ni barci ke nan.

A gefen shafi, inda ba a rubutu,
na sa da fensir: tana tsaye, amma ba kowa a gida.

Da zan tafi ta kwance bakin gyalenta,
ta ba ni ƙwara ɗaya mai kusurwa uku.
Ɗanta ne ya kawo daga hayin Iriri,
tafiyar kwana uku a kwalekwale.
Ta ce, ko ka ci, ko ka binne ka manta.

Shanu na kallona.
Na duba gabas, na duba yamma,
ban ga inda kofato ba zai taka ba.
Har yanzu tana cikin aljihun rigata,
tana bugun makullin babur in na yi tafiya.